Sallama Uku da Ban Amsa Ba

Shekarun baya na taɓa mutuwa a Dapango, na kwana ɗaya da yini, kuma har gobe mutanen Zangon Sokode ba su gane abin da ya faru ba. Wasu sun ce na yi ne don in ga wanda zai yi mini kuka. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai. Wata gwaggona ma ta rantse iska ce ta taɓa ni, har ta aiko mini da rubutu a kwalba. Duk ba haka ba ne. Gaisuwa nake gudu. Gaisuwar minti goma sha biyar, ita kaɗai. Na san ba ta da daɗin ji, don da iskar ce da na fi fita da mutunci, amma abin da ya faru ke nan.

Bari in faro daga tushe. Ina gama lise, wato sakandare, a Sokode na samu aikin buga takardu a wani buro, ofishin masu sayen auduga a Dapaong, garin da bakinmu ya saba kira Dapango. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyata ta haifi huɗu, ni kaɗai na tsaya. Ranar tafiya ta raka ni tasha tana jero mini nasiha, ni kuma ina leƙen agogon hannuna, wai kada mota ta tashi, alhali ko rabi ba ta cika ba.

Halina ke nan tun ina ƙarama, ba na iya jira. Abin da na fi tsana a duniya kuwa gaisuwar Zango ce. Mutum zai tare ka, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi sanyi ko da zufa kake yi, in ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. In da ɗan ƙabilar Kotokoli kuka haɗu har da rusunawa, kuna ta “ehm, ehm” kamar kurciyoyi biyu a reshe. Da na shiga lise na gano Faransanci ya taƙaita duk wannan cikin kalma guda, sai na ji kamar an sauke mini kaya. “Bonju,” ina tafe, ko juyowa ba na yi.

Da wannan bonju ɗin na shiga Dapango. Gidan da na kama haya ɗaki shida ne suna fuskantar tsakar gida, da mangwaro a tsakiya. Akwai mai gidan da matarsa. Akwai maƙwabciyata, wata ungozoma 'yar ƙabilar Moba, mai jiki da fara'a, wadda ta koyi Hausa a kasuwa da ɗakin haihuwa. Akwai wani malamin makaranta daga kudu mai son surutu, sai wasu ma'aikata biyu. Da farko sun gwada ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Ungozomar ta kawo mini tuwo a makon farko, na tsaya a bakin ƙofa na ce mata na ƙoshi, mersi. Ta sake kawowa, na sake. Bayan wata biyu suka bar ni. Ni kuma na zauna na yanke hukunci cewa mutanen garin nan ba sa son baƙo.

Ban san akwai shiru iri-iri ba sai a ɗakin nan. Da rana injin buga takardu yana cika mini kunne, ba na jin komai. In na dawo na ɗora tukunyar mutum ɗaya, ita ma ko tafasa take yi a hankali take yi, kamar tana jin kunya. Lahadi ta fi kowace rana tsawo. Na sha wanke kayan da ban sa ba, don dai hannuna ya samu abin yi.

Baƙona ɗaya ne a duniya, wani tsoho mai fataucin shanu, abokin mahaifina. Duk bayan mako biyu ko uku yakan hauro arewa sayen dabbobi, mahaifiyata ta ba shi ƙunshi ya kawo mini, daddawa da yaji da ƙuliƙuli. Shi kuma Allah ya yi shi sarkin gaisuwa. Zai zauna a kan kujerata guda ɗaya, ya jingine sandarsa, ya fara.

“Ina kwana, 'yata? Ina gajiya? Ina aiki? Ina injin naki, yana bugawa?”

“Yana bugawa, Baba.”

“Madalla. Mai gidan buro fa? Ruwan garin fa, ya karɓe ki?”

In ya gama da ni sai ya shiga isar da gaisuwar Zango gida gida, daga liman har mai koko ta bakin masallaci, kuma kowace sai ya tsaya na ce ina amsawa kafin ya wuce ta gaba. A ƙarshe ya ce, “To me zan ce wa Innarki?”

“Ka ce lafiya lau.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Baba.”

Yakan dube ni ɗan lokaci, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Wata goma sha ɗaya saƙona bai taɓa wuce kalma biyun nan ba.

Abu ɗaya ne yake fito da ni tsakar gida. Mai gidan yana da tele, mai hoto fari da baƙi, da eriya a kan doguwar gora wadda sai an juya ta kafin yayyafin da ke cikin hoton ya ragu. Bayan magariba yakan fito da ita. Kowa ya kawo kujerarsa, ni nakan ajiye tawa a baya, kusa da ƙofata. Akwai wani wasan barkwanci na Turawa da aka juya zuwa Faransanci, irin wanda in wani ya yi magana sai ka ji taron mutane sun fashe da dariya, amma ba a taɓa nuna su. Matar mai gidan kullum sai ta tambaya, “Wai su masu dariyar nan a ina suke zaune?” Ni kam ina son su. Ko ba komai, dariya ce da ba sai na gaisa da kowa ba kafin in shiga cikinta.

Wata Alhamis aka nuno mutanen wasan sun tafi wani ƙaton gida hutun ƙarshen mako. A can aka raba wa kowa takarda, wannan gawa, wannan mai kisa, wannan ɗan sanda mai bincike, sauran shaidu, aka ce kada wanda ya fita daga matsayinsa sai an gano mai laifi. Abin dariyar shi ne akwai wani dolo a cikinsu da ya zo a makare, bai san wasa ake yi ba, ya ɗauka da gaske an yi kisa, yana ta gudu yana ɓuya a bayan labule. Na yi dariya har na manta da kaina. Na ce a raina, wane irin sakarai ne zai ga wasa ya ce gaskiya ne.

Ana gamawa na ji bakina ya ce, “Mu ma za mu iya yin wannan.”

Duk suka waiwayo. Ina jin ranar ce suka fara jin na haɗa kalma shida a jere. Malamin ya buga cinya ya ce, “Madmazel ta yi magana! Ni ne komise, ɗan sanda mai bincike, kada wanda ya ja da ni.”

Kashegari a buro na buga takardun da kabon. Na shirya labari, wai wata hamshaƙiyar mai sayar da atamfa aka zuba wa guba a koko. Kowa na rubuta masa abin da ya gani da abin da zai ɓoye. A ƙasa na sa doka biyu da manyan baƙaƙe. Ta farko, ba a yi wa gawa magana, ita ma ba ta yi. Ta biyu, ko baƙo ne ya shigo ba a fasa wasa, sai Lahadi bayan la'asar. A tele na kwaso ta biyun, ban ko tsaya tunani ba.

Da aka zo rabo kowa ya ƙi gawa. Matar mai gida ta ce, “Allah ya tsari gatari da noma, ni ba na kiran abin da bai kira ni ba.” Ungozomar ta ce ita ta ga na gaske sun ishe ta. Malamin ya ce a garinsu ko da wasa ba a kwanciya a rufe fuska. Suka yi ta ja kamar za a kwana a nan. Haƙurina ya ƙare.

“Ku ba ni. Kwanciya ce fa kawai.”

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakina, na kwanta, na ja farin zane har kai. Matar mai gida ta shigo ta ƙwalla ihun da aka rubuta mata, duk suka rugo. Mutum shida a ɗakina. Wata goma sha ɗaya ba a taɓa haka ba, kuma ranar da aka yi dole idona ya kasance a rufe. Ina jin su suna zagayawa. Malamin yana shinshina kofin koko yana “hmm, hmm.” Wani ya ce ashe tana da littattafai. Ungozomar ta tsaya gaban hoton da ke bango ta ce da Hausarta ta kasuwa, “Wannan tsohuwa wane ne?” Ba wanda ya sani. Na buɗe baki zan ce Innata ce, sai na tuna dokar da na buga da hannuna.

Daga nan suka fita, wasan ya koma ƙarƙashin mangwaro. Malamin ya sa wata tsohuwar rigar kaki da hula, ya kafa tebur, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya yana dukan teburin. Mutanen da da ba su wuce gaisuwa ba suka shiga tuhumar juna suna tuntsira dariya. Ni ina kwance ina kallon farin zane ta ciki, ina jin dariyar mutanen da ba na gani. Sai na ce to, ga amsar matar mai gida, yau na san inda masu dariyar suke zaune. Can suke, inda ba ka.

Da rana ta ɗaga na lura da wani abu da ya fi zafin zanen damuna. Matar mai gida tana manta matsayinta duk bayan minti biyar. Malamin yakan manta ya kira mutum da sunansa na gaskiya. Amma dokar kada a yi mini magana, ko sau ɗaya ba wanda ya yi kuskurenta. Suna wucewa ta ƙofata yadda suka saba wucewa kullum. Wasan bai ƙara musu komai ba, ni ma zane kawai ya ƙara mini.

Ina cikin wannan tunani, gab da azahar, na ji ƙarar sanda a kan siminti.

“Salamu alaikum.”

Na san muryar. Ƙofata a buɗe take, labule a ɗaure. Nan take kaina ya shiga lissafi irin na lise. In na amsa, gaisuwa minti goma sha biyar. Bayanin abin da ya sa nake kwance cikin farin zane, wani goma sha biyar. Wa'azin da zai biyo baya, Allah kaɗai ya san tsawonsa. In na yi shiru kuwa, wani zai yi masa bayani, ya ajiye ƙunshi ya tafi.

“Salamu alaikum.”

Na yi lamo.

Ya ɗan jima. Na ji ya matso har inuwarsa ta faɗo kan zanen. Ta ukun a hankali ya yi ta, kamar mai tsoron tashin jariri.

“Salamu alaikum, 'yata.”

Har numfashi na riƙe, don a ce na iya wasa.

Sai na ji takun ungozomar da sauri, ta ja shi zuwa bakin ƙofar gida. Na jiyo ya yi salati ƙasa ƙasa, na ɗauka irin wanda tsofaffi suke yi ne in sun ga yara suna shirme. Na ji sanda tana nisa. Wallahi har daɗi na ji.

Abin da aka faɗa a bakin ƙofar daga baya na ji shi, daga bakin ita ungozomar, tana faɗa tana kuka. Ya tambaye ta me ya samu yarinyar. Ita kuma ga dokata ta biyu a hannunta, sai ta sassauta murya ta ce, “Madmazel ya mutu. An kashe shi. Muna neman wanda ya yi.” Ya ce yaushe za a yi mata sutura. Ta ce sai gobe da yamma, komise ya ce kada a taɓa. Ya ɗaga ido, ga mutum can cikin kaki da hula yana dukan tebur yana yi wa mai gida tsawa da Faransanci. Wanda ya rayu a wancan zamanin ya san in aka ce kisa, aka ce komise, aka yi maganar cikin raɗa, mai hankali ba ya tambaya ta biyu, balle mai shanu a hanya da shingen sojoji a gabansa.

Da ta ga fuskarsa ta sauya sai ta tsorata, ta so ta warware. Kalmar wasa ta ɓace mata a Hausa, ta ɗauko ta Faransanci. Ita kuwa wannan kalma in Bafaranshe ya faɗe ta, kunnen Bahaushe “je” yake ji. Ta kama hannun rigarsa tana cewa, “Baba, je ne, je, je!” Shi ya ji mace tana roƙonsa ya bar wurin tun bai shiga uku ba. Ita ta ga ya gyaɗa kai, ta ce ya gane. Ya ajiye ƙunshin a bakin ƙofa, ya bar shanun da ya zo saya, ya nufi tasha.

Ni kuwa da yamma gawa ta miƙe ta yi salla, ta jawo ƙunshi, ta ci ƙuliƙuli har ta ƙoshi. A lokacin nan motar da ya hau ta wuce garin Mango, ta nufi Sokode.

Bai buga wa mahaifiyata ƙofa ba sai da aka sallame asuba. An ce mini ba ta yi ihu ba. Tambaya ɗaya ta yi, “An yi mata wanka?” Ya ce hukuma ta hana taɓawa. Ta ce, “To ba baƙo ne zai wanke mini ita ba.” Mata suna shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ita tana buɗe adakarta. Ta ɗauko likkafanin da ta ajiye wa kanta tun rasuwar mahaifina, ta haɗa da turare da sabulu da ganyen magarya, ta ƙulle, ta ce masa, “Mu je.” Tsohon da bai ko runtsa ba ya sake hawa mota.

Lahadi bayan la'asar aka zo warware labari. An yarda gawa ta halarta. Suka zaunar da ni a kujera ƙarƙashin mangwaro da farin zanen a kafaɗa. Malamin ya yi ta kai da kawowa yana jawabi, ya tuhumi kowa har da ni, daga ƙarshe ya nuna matar mai gida. Ta dafe ƙirji ta ce, “Ni? Wallahi sharri ne!” Aka ce ta duba takardarta. Ta duba, ashe ita ce, ta manta tun jiya. Gidan ya kece da dariya, ni ma na kece tare da su. Karo na farko ke nan da muryata ta shiga cikin tasu, har ungozomar ta dafa kafaɗata. A raina na ce yau na shiga gari.

Bakina a buɗe yake aka yi sallama a ƙofar gida.

Mahaifiyata ce, da ƙunshi a kai, ƙafafunta sun yi ja da ƙurar hanya. Tsohon yana bayanta.

Tsohon ne ya fara motsi. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ya shafa gemunsa, ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya juya ya fita.

Mahaifiyata ta sauke ƙunshinta a hankali. Ta nufi mai gida ta rusuna, ta tambaye shi wuni, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali. Ta koma kan matarsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage wa kowa komai ba. Malamin ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta. Da ta zo kaina ta wuce kamar ta wuce turmi.

“Inna,” na ce.

Ta dubi ungozomar ta ce, “'Yar nan, nuna mini ɗakin, zan yi salla.”

Na bi ta. Na tsaya a tsaye har ta idar. Ta kwance ƙunshin, ta jera kayan a kan tabarmar da na kwanta, farin yadi, turare, sabulu, magarya. Sai a lokacin na gane abin da ta ɗauko.

“Inna, wasa ne.”

“Na ga alama.”

“A tele muka gani. Ba a yi masa bayani daidai ba ne, matar nan Hausarta...”

“Bar matar nan. Ya ce ya yi miki sallama.”

“Ya yi, Inna.”

“Sau nawa?”

“Uku.”

“Kin ji?”

Da zan iya ƙarya da na yi. Ban iya ba, wannan ma yana cikin halina.

“Na ji.”

Ta gyaɗa kai. “To ai gaskiya ya kawo mini. Mai rai yana amsa sallama.”

Ta ɗauki sabulun tana juya shi a hannu. Ta ce tun daga Bafilo har Mango abu ɗaya take tunani, wa zai zuba mata ruwa in tana wanke ni. Tana ce wa kanta wata goma sha ɗaya ai yarinyar ta yi ƙawa ko guda. “Ga shi na zo na tarar da gida cike da mutanen kirki. Ita wannan mai jikin tana cewa ba ta taɓa sanin kina da uwa a raye ba.”

Ba ta sake ce mini komai ba ranar. Ungozomar ta kawo tuwo, ita ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya mai tsawo, ta ci.

Da asuba na durƙusa na ce, “Inna, ina kwana.” Tana jan carbi ta ce, “Ba ni ce ta farko da ke bin ki gaisuwa ba.” Ta naɗe kayanta, ta bar farin yadin a kan gado. Na ce ta manta. Ta ce, “Ban manta ba. Na riga na ɗauko shi da sunanki, ba zan iya shiga cikinsa ba.”

Na raka ta tasha. Wannan karon ni ce nake so motar ta daɗe ba ta cika ba, ita kuwa ta cika nan da nan. Da direba ya tayar, ta leƙo ta taga, ba ni take kallo ba, hanya take kallo.

“Shekara talatin mutumin nan yana kai saƙo tsakanin Sokode da arewa. Ba a taɓa cewa ya ƙara ko ya rage ba. Yanzu zai shiga Zango a matsayin wanda ya tara mutane makokin mai rai. Ni kin ba ni baƙin cikin yini ɗaya. Shi ban san nawa kika ba shi ba.”

Motar ta tafi.

Yau labarin ya zama abin raha. In na je Sokode matan layinmu suna ce mini gawar Dapango, ina dariya, don na cancanta. Ni da mahaifiyata mun daidaita, ko da yake ya ɗauki lokaci, kuma har yanzu in na yi tafiya ba ta yarda da saƙon baki, sai ta ga ƙafata. Yadin yana ƙasan akwatina, ban san abin da zan yi da shi ba. Gaggawar ma ba ta bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya in ce na zama wata ba. Abin da dai ba na iyawa shi ne zama gaban irin wasannin nan. Da masu dariyar ɓoye sun fara sai in ji warin farin zane a hancina, in tashi. Kuma abin mamaki, ba fuskar mahaifiyata ce take fara zo mini ba. Yinin Asabar ɗin ne, da mutane shida suna wucewa ta ƙofata ba wanda ya yi tuntuɓen harshe. Na daɗe ina cewa garin ne ya ƙi ni. Ni na kafa dokar, tun kafin in sa ta a takarda.

Amma a safiyar Litinin ɗin ban kai ga wannan dogon tunani ba. Ina tsaye a tasha, ƙura tana kwantawa, agogona ya ce saura minti goma a buɗe buro, ni kuwa ban taɓa makara ba. Na tambayi wani mai lodi ko ya ga tsoho mai sanda. Ya ce yana kara, wajen masu shanu, kuma ya ji ana cewa zai wuce kasuwar Nano kafin hantsi.

Na cire agogon na jefa a jaka. Na yanke cewa buro ya jira. Zan je karar nan, in ratsa cikin dillalai da kashin shanu da takalmin ofis ɗina, in tsaya a gabansa inda abokan fataucinsa za su ji da kunnensu su kai Zango. Ba zan fara da ban haƙuri ba, ba zan fara da bayanin tele ba. Zan ce wa alaikumus salam, da ƙarfi, sau uku. Sannan in durƙusa in jira ya fara daga ina kwana.